Rage, Yaro na Barci

A Birni, bayan dutsen da awaki ke hawa su leƙa gari,
nan rumfar Baba take, warin jima da jan rini,
nan rediyonsa mai kaset ke zaune bisa buhun bagaruwa,
an ɗaure murfin da roba don ya bar faɗuwa.

Baba Mato ɗan kukuma ne.
In tsirkiya ta yi kuka sai basillarsa ta tsaya,
ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya
kamar mai ba da shaida gaban alƙali.
Batir in ya mutu a shanya shi a rana,
a ɗan cije shi, ya ƙara kwana biyu.
Ni ke mai da zare baya da bik
har wuyan hannuna ya ƙage.

Inna Cima ba ruwanta da kukuma.
Ta ce sauro ne ya samu lasifika.
Ita ƙwarya take so, a kifa a ruwa a doka,
ko da ruwan na garuwa ne, an saye shi da tsada.
Shekara talatin suna wannan gardama,
ba wanda ya ci, ba wanda ya yi yaji.

Da na shiga lakwal na dawo da nawa kiɗan,
mai dukan ƙirji, mai maganar da ba ta jiran numfashi.
Baba ya saurara, ya ce, wa ya kore su?
Na yi fushi. Na ce kukuma ta tsufa.
Ya ce, i, tare muka tsufa,
ya ci gaba da ɗinkin jaka.

Akwai kaset guda, fari, an goge sunan da ke kai.
Wata rana Inna ta zo rage sauti
ta danna jan maɓalli bisa kuskure.
Tun ranar, a tsakiyar waƙa, daidai inda mawaƙi ke hawa,
kiɗa kan yanke,
a ji tari, a ji zakara can nesa,
a ji ta ce: Mato, rage, yaro na barci.
Sai kukuma ta dawo kamar ba a yi ba.
Baba ya yi wata guda yana mita.
Ni ne yaron.

Bana shekara shida da muka kai ta makwanci.
Rediyon ya bi ta, zare yake ci.
Na ɗauki kaset na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole,
wani saurayi ya juye min shi a salula,
ya ce, akwai wuri da ya lalace, in yanke?
jaka ɗaya kawai zan ƙara.
Na ce bar shi.
Ban san muryata ta yi rawa ba sai da ya dube ni.

Yanzu da la'asar ƴata Zuwaira
kan zauna jikin kakanta a kan agalemi,
igiya ɗaya, kunne biyu, ɗaya nata ɗaya nasa.
Ta sa masa nata, na ƴan zamani,
ya gyaɗa kai ya ce, wannan ai kalangun mahauta ne,
wando kawai suka sa masa.
Ta yi dariya har ta faɗi.
Sannan ya ce, to, sa mana namu.

Jiya na ji ta a bakin randa tana wanke kofi,
tana rera waƙar kukuma da ƙaramar murya.
Ta kai inda mawaƙi ke hawa,
ta tsaya, ta yi ɗan tari,
ta ce, Mato, rage, yaro na barci,
ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ita a wurinta haka waƙar take.
Baba na rumfa, basilla a hannu.
Bai gyara mata ba.